Ku Daina Ɓoye Wa Baba Ciwonsa

Akwai wani roƙo da likitocin mafitsara a asibitocin koyarwa na ƙasar nan suka saba ji. Sakamako ya fito, hoton ƙashi ya nuna ciwon ya bar mazauninsa ya kama ƙugu da ƙashin baya, dattijo yana zaune a ciki da robar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, sai babban ɗansa ya biyo likita baranda ya sassauta murya: "Likita, don girman Allah kada ka gaya wa Baba. In ya ji, zuciyarsa za ta karye." Daga nan a koma gida a ce da Baba sanyi ne ya kama masa mafitsara, kowa ya riƙa yi masa fara'ar dole, a riƙa ɓoye takardun asibiti a ɗakin wani. Babu mai shakkar niyyar wannan ɗa, ƙauna ce da tausayi suka sa shi. Amma ra'ayina shi ne wannan ɓoyo yana cutar da mara lafiya, kuma abin da yake fara ƙwace masa shi ne ainihin abin da ake cewa ana tsare masa, wato kyakkyawan fata. Mai ciwon dajin furostet da ya yi nisa yana da dalilai na gaske na sa rai, amma ba zai iya riƙe su ba sai ya san abin da ke jikinsa.

Furostet, wadda kafafen labarai kan kira ciwonta da kansar mafitsara, wata 'yar ƙwaya ce mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta zagaye hanyar fitsari. Ciwon dajinta yana cikin waɗanda suka fi kama maza a duniya. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a shekarar 2022 an samu sababbin masu ciwon kusan miliyan 1.5, mutum wajen 400,000 kuma sun rasu. A Najeriya shi ne na ɗaya a tsakanin maza: sama da 18,000 suka kamu a wannan shekara, sama da 11,000 suka rasu. Ciwon ya fi tsananta ga baƙar fata, domin a Birtaniya an ƙiyasta namiji 1 cikin 4 na baƙaƙe zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali a sauran maza 1 ne cikin 8. Yawan mace-macen da ake gani a wajenmu ya samo asali ne daga latti. Mutum zai shekara yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, fitsarin yana fita da ƙyar, bayansa yana ciwo, ana cewa basir ne ko tsufa, ba za a je asibiti ba sai ranar da fitsari ya tsaya cik. Shi ya sa maganar ciwon da ya riga ya bazu ita ce maganar yawancin marasa lafiyarmu.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa irin wannan mutum tana da fuska biyu, kuma dole a faɗi duka. Ta farko mai ɗaci ce: idan ciwon ya kai ƙashi, ilimin likitanci na yau ba ya warkar da shi gaba ɗaya. Ko a Amurka, inda kusan duk wanda aka gano nasa da wuri yake wuce shekara 5, waɗanda nasu ya bazu ba su kai kashi 40 cikin 100 da ke kaiwa haka ba. Ta biyu ita ce wannan ciwo yana da wani lago da yawancin cututtukan daji ba su da shi. Yana rayuwa ne da sinadarin maza, testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa. A shekarar 1941 Charles Huggins da ɗalibinsa Clarence Hodges a Jami'ar Chicago suka nuna cewa idan aka yanke wa ciwon wannan sinadari, yakan lafa, ciwon ƙashi ya sauka, wanda ya kwanta ya miƙe. Wannan aiki ne ya ba Huggins kyautar Nobel a 1966, kuma har gobe shi ne ginshiƙin magani: ko dai allura irin goserelin duk wata ko duk wata 3, ko kuma ƙaramar tiyata ta cire 'ya'yan maraina. A kan wannan ginshiƙi aka yi ta ɗora bene. Maganin kemo na docetaxel ya shigo a 2004, ƙwayar abiraterone a 2011, enzalutamide a 2012, sannan a 2022 aka amince da lutetium, maganin da ke bin jini ya nemo ƙwayoyin ciwon ya gasa su a inda suke. A gwajin da aka sani da LATITUDE, wanda aka yi da maza kusan 1,200 masu ciwon da ya bazu sosai, haɗa abiraterone da allurar tun farko ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 36 da rabi zuwa wata 53. A lura da ma'anar wannan adadi, domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Yana nufin rabin waɗanda aka gwada sun wuce wata 53, wasu da shekaru masu yawa. Adadin ba wa'adin kowa ba ne, rai a hannun Allah yake, amma ya isa ya nuna cewa wanda aka ce masa ciwonsa ya bazu ba gawa ba ne da ke jiran likafani.

To ina matsalar ɓoyewa, tunda 'ya'ya za su iya sayen maganin su ba shi? Matsalar ita ce wannan jinya doguwa ce, ta shekaru, kuma mara lafiya ne ke ɗauke da ita a jikinsa. Bayan allura ta farko da ta biyu, sau da yawa ciwon baya yakan tafi, fitsari ya saki, a cire roba, adadin gwajin jini na PSA ya faɗo daga ɗaruruwa zuwa ƙasa sosai. Wanda aka ce masa sanyi ne zai ga sanyi ya warke, ya ce a daina ɓarnar kuɗi, kuma da hujjarsa. A daidai wannan lokaci ne illolin magani ke bayyana: zafi ya taso masa daga ƙirji zuwa fuska gumi ya jiƙa masa riga ko da sanyin hunturu, kasala ta rufe shi, teɓa ta fito, sha'awa ta ɗauke. Mutumin da bai san abin da allurar ke tsare masa ba zai ga ita ce cutar, ya ƙi komawa. Bayan watanni ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Ciwon da ke ƙashin baya yana iya danne laka, kuma alamunsa mara lafiya ne kaɗai ke fara jin su: sabon ciwon baya mai tsanani da ke zagayo ciki kamar an ɗaura ɗamara, nauyin ƙafa, mutuwar jiki a cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Wannan abu ne na gaggawa da ake so a kai asibiti a ranar, domin jinkirin kwana biyu ko uku yana iya zama bambanci tsakanin mai tafiya da ƙafarsa da wanda zai ƙare rayuwarsa a kwance. Wanda bai san ciwonsa ba zai sa a shafa masa man zafi ya kwanta.

Masu ɓoyewa suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa sun ga wanda aka gaya wa ya daina cin abinci, ya juya fuska bango. Hakan na faruwa, musamman idan aka jefa wa mutum labarin a tsaye, cikin hayaniyar layin asibiti, da Turancin da ba ya ji, ba tare da an haɗa masa da abin da za a yi ba. Laifin na yadda aka faɗa ne. Binciken da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2008, a kan masu ciwon daji da ya yi nisa sama da 300, ya gano cewa waɗanda likitocinsu suka yi musu magana a fili game da halin da suke ciki ba su fi sauran shiga ƙuncin rai ko fargaba ba, kuma iyalansu sun fi samun natsuwa daga baya. Mutanen Amurka daban, namu daban, na yarda. Sai dai dattijon da ya binne iyayensa da abokansa, ya yi shekara 70 yana jin wa'azin mutuwa, ba yaro ba ne da za a rufe wa ido. Yawanci ma ya riga ya gane. Yana ganin yadda ake yin shiru in ya shigo, yana ganin 'yarsa ta taso daga wani gari ba biki ba suna. Sai ya zama shi ma yana ɓoye musu cewa ya sani, kowa yana kuka shi kaɗai. Hanyar da ta dace ita ce a zaunar da shi tare da wanda ya yarda da shi, a tambaye shi iya abin da yake son sani, a faɗa masa da Hausa a hankali, a bar shi ya yi tambaya. Idan da bakinsa ya ce a yi magana da ɗansa shi ba ya son jin bayani, wannan haƙƙinsa ne, a girmama shi. Abin da ba daidai ba shi ne a yanke masa hukunci bai sani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya kamata kuma a gyara fahimtar abin da ake nufi da ƙarfin zuciya. Babu wata shaida tabbatacciya da ta nuna fara'a ko kyakkyawan zato suna rage girman ciwon daji, kuma zalunci ne a sa mara lafiya ya ji kamar damuwarsa ce ta sa ciwonsa ya ƙaru. Yana da damar ya yi kuka, ya ji tsoro, ya gaji. Amfanin sa rai yana wani wuri ne: shi ke tayar da mutum ya je allurarsa, ya ci abinci, ya taka zuwa masallaci ko kasuwa, kuma motsa jiki na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage kasalar da maganin ke kawowa, suna kuma tsare ƙarfin tsoka. Chris Hoy, ɗan tseren keken Birtaniya da ya ci zinare 6 a gasar Olamfik, ya bayyana a watan Oktoban 2024 cewa ciwon dajin furostet ɗinsa ya kai ƙashi kuma likitoci sun ƙiyasta masa shekara 2 zuwa 4. Bai ce zai warke ba. Ya ci gaba da magani da hawa keke, a watan Satumban 2025 kuma ya jagoranci gangamin masu keke a Glasgow don tara kuɗi da nuna cewa masu ciwon da ya bazu suna nan suna rayuwa. Kafin shi akwai François Mitterrand, wanda aka gano ciwonsa ya kama ƙashi a 1981, watanni kaɗan da hawansa mulkin Faransa. An ɓoye wa jama'a har 1992, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce daga baya, amma shi kansa ya sani, ya kuma bi magani, ya kammala wa'adi biyu a 1995, ya rasu a Janairun 1996. Ba kowa ke samun irin wannan tsawon ba. Abin lura shi ne dukansu biyu sun tsara sauran kwanakinsu ne da saninsu. Haka dattijonmu yake da abin da yake son gani: aurar da autarsa, sauke farali, biyan bashin da shi kaɗai ya san da shi, rubuta wasiyya, shiryawa da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana. Wanda aka ɓoye wa ciwonsa an hana shi wannan dama, kuma ba ta dawowa.

Inda gaskiya ta yi ƙaranci, 'yan kasuwar ƙarya ke cika wurin. Duk tashar mota akwai mai lasifika da ke rantsuwa yana warkar da daji cikin mako biyu, yanzu kuma sun koma Facebook da TikTok da kwalabe masu tsada. Iyalin da likita ya ce musu ba a warkewa, aka kuma kasa yi musu bayanin cewa ana iya danne ciwon shekaru, su ne suka fi saurin faɗawa hannunsu. A sayar da gona, a ɓata wata shida, a dawo asibiti da mutum a kan tabarma. Wani bincike na Jami'ar Yale da aka buga a 2018, a kan masu dajin nono, huhu, hanji da furostet waɗanda nasu bai ma bazu ba, ya nuna waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da wasu hanyoyi kaɗai sun fi sauran haɗarin mutuwa ninki biyu da rabi. Addu'a da sadaka da tofi ba su taɓa hana allura ba, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum alkawarin da mai sayarwar ya san ƙarya ne.

Akwai wata damuwa da maza ba sa faɗa a gaban 'ya'yansu, kuma ita ke sa da yawa su gudu daga asibiti. Maganin yana kashe sha'awa da ƙarfin namiji, tiyatar kuwa wasu na jin ta kamar dandaƙa. Ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mai iyali da shekarunsa ba su ja sosai ba, kuma likitan da ya wuce wannan magana da sauri bai kyauta ba. Amma nan ma sani ne mafita. Matar da ba a gaya wa komai ba za ta ɗauka maigida ya juya mata baya ne, ko ta fara zargin abokiyar zama, gida ya rikice a lokacin da ya fi buƙatar kwanciyar hankali. Wadda aka zaunar aka yi wa bayani ita ce za ta tuna ranar allura, ta lura da canjin tafiyarsa. Haka batun roba da yoyon fitsari, wanda ke sa dattijo ya ƙaurace wa sahu don kunya da shakkar tsarki. Fiƙihu ya yi wa mai irin wannan lalura rangwame tun da daɗewa, tambaya ɗaya ga malami za ta mayar da shi cikin jama'a. Kaɗaici yana karya mara lafiya fiye da yadda ake zato.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a kan abin da nake faɗa ita ce ta kuɗi. Za a ce misalan da na kawo na masu hali ne, za a ƙara da tsohon shugaban Amurka Joe Biden, wanda ofishinsa ya sanar a watan Mayun 2025 cewa nasa ya kai ƙashi, kuma duk maganin duniya yana gabansa. Me amfanin gaya wa manomi a ƙauyen Jigawa ko Maraɗi cewa akwai maganin da ba zai iya saye ba? Wannan tambaya tana da ciwo, domin yawancin mutanenmu daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti, injinan gashin ciwon daji kuma ba su taka kara sun karya ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Amsata kashi biyu ce. Na farko, mafi ƙarfin makamin da ake da shi shi ne mafi araha. Tiyatar cire 'ya'yan maraina sau ɗaya ake yi, cikin ƙasa da awa guda, kuma aikinta wajen danne ciwon daidai yake da na allurar da ake saye har ƙarshen rai. Iyalin da suka san gaskiya za su iya auna wannan da idonsu, maimakon su fara allura su tsaya a ta uku don kuɗi ya ƙare. Abiraterone ma yanzu kamfanoni da dama ke yin sa, musamman a Indiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna tun 2019. Na biyu, talauci hujja ce a kan gwamnati, bai zama hujjar rufe wa talaka ido ba. A Najeriya an kafa Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji a 2021 don dajin nono, bakin mahaifa da furostet, aka fara da asibitoci 6, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na tarayya a Gombe da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, Nijar kuma ta samu cibiyar gashi ta farko a Yamai a 2021. Ci gaba ne, amma bai kai ko kusa da buƙata ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ya rage a gani a ƙasa: allura irin goserelin da abiraterone su shiga cikin abin da inshora ke biya, gwamnatocin jihohi su sa nasu kason. Mutanen da ba su san sunan ciwonsu ba ba za su taɓa neman wannan haƙƙi ba.

Wata rana, ga yawancin masu wannan ciwo, allurar takan daina riƙe shi, PSA ya fara hawa duk da ana kan magani. Wanda aka shirya wa wannan tun farko ba zai ɗauke shi ƙarshen duniya ba, domin akwai layin magani na biyu da na uku. Ko da an kai inda babu sauran abin danne ciwon, aikin likita bai ƙare ba. Gashi sau ɗaya tak yana sassauta ciwon ƙashi ga fiye da rabin waɗanda aka yi wa. Ruwan mofin na sha, idan likita ya tsara shi, yana ba mutum barci da natsuwar yin salla, kuma tsoron da ake yi cewa yana gaggauta mutuwa ko yana mai da mara lafiya ɗan ƙwaya ya sa dubbai suna kwana suna nishi a banza. A wani gwaji da aka buga a 2010 daga wani babban asibiti a Boston, masu dajin huhu da ya bazu waɗanda aka haɗa su da masu kulawar rage raɗaɗi tun farko sun fi samun sauƙin rai, har ma sun fi daɗewa, wata 11.6 a kan 8.9.

Ɓoyewar kuma ba ta tsaya kan Baba ba. Namijin da mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran maza, a wasu gidajen ma gadon da ke kawo shi yana da alaƙa da dajin nono a cikin danginsu mata. Ɗan da ya roƙi likita a baranda, da ƙannensa, da 'yan'uwan Baba da aka ce musu sanyi ne, su ne suka fi kowa buƙatar sanin sunan ciwon, domin nasu in an gano shi da wuri ana warkewa. Saboda haka roƙona ga masu jinya shi ne ku zauna da mahaifinku da likitansa a ɗaki ɗaya, ku bar shi ya ji da kunnensa, ku rubuta alamun gaggawa ku liƙa a inda kowa zai gani, kada ku bari ranar allura ta wuce. Ku kuma da kuka kai shekara 45, ku je ku yi magana da likita a kan gwajin PSA tun fitsarinku yana fita lafiya.